Manuwa a Teku, Abincinta a Tudu

Duk wanda ya taɓa riƙon barga ya sani ba a ranar hawa ake gane wahalar doki ba. Jama'a sukan ga mahayi ya fito da lifidi da kwalkwali su yi ta sha'awa, amma ba su ga dawar da aka auna ba, balle ciyawar da aka yanko tun da asuba, ko maƙerin da ya gyara linzami da likkafa. In aka datse hanyar hatsi na 'yan kwanaki, sai dawakin da ake alfahari da su su zama abin tausayi a bakin turke. To, haka sha'anin manuwa yake, watau babban jirgin ruwa na yaƙi. A teku take yaƙi, amma a tudu aka ƙera ta, daga tudu kuma ake kai mata abin da za ta ci, da abin da za ta harba, da mutanen da za su tuƙa ta. Wannan darasi zai bayyana yadda Ingila ta riƙe rundunarta ta ruwa cikin Yaƙin Duniya na Farko, daga 1914 zuwa 1918, da irin nauyin da hanyar jirgin ƙasa ta ɗauka a kan wannan aiki.

Maƙerar manuwa

Ƙasar Biritaniya tsibiri ce, ruwa ya kewaye ta ko ta ina. Saboda haka tun da daɗewa sarakunanta suka ɗauki jiragen yaƙi a matsayin ganuwarsu, suka kafa maƙeru na Gwamnati a bakin teku inda ake ƙera su, ana gyara su. Manyan cikinsu su ne Portsmouth, da Devonport a gefen garin Plymouth, da Chatham a bakin kogin Medway. Kowace ɗaya gari ce sukutum, da garunta da ƙofofinta da masu tsaro.

Abu biyu ne ginshiƙin maƙera irin wannan. Na farko gangare ne mai zuwa cikin ruwa, a kansa ake haɗa gangar jikin jirgi, in an gama a sake shi ya sulale da baya ya shiga teku. Na biyu shi ne gurbin gyara, watau wani ƙaton rami da aka gine da dutse, mai ƙofa ta wajen teku. Akan shigar da jirgi ciki yana bisa ruwa, a rufe ƙofa, a zuƙe ruwan da inji, jirgin ya zauna a kan katakai, ma'aikata su sauka su duba cikinsa a bushe. A Portsmouth aka gina irin wannan gurbi na farko a Ingila, cikin shekarar 1495, zamanin Sarki Henry na Bakwai.

A zamanin jiragen katako masu filafilai, abin da maƙera take bukata shi ne itace da igiya da kwalta da zane. Jirgin nan Victory, wanda Admiral Nelson ya yi yaƙin Trafalgar a cikinsa a 1805, a Chatham aka saka shi ruwa a 1765, ya kuwa cinye bishiyoyi wajen 6,000. Ɗakin tufkar igiya na Chatham tsawonsa ya kai wajen rubu'in mil. Duk wannan kaya ta kogi da teku yake isowa, ko a keken doki. Amma da aka koma ƙera jirgi da ƙarfe, ana tuƙa shi da tururi, daga wajen 1860, sai al'amari ya sake. Sulken da ake liƙa wa manuwa a haƙarƙari, mafi yawansa a Sheffield ake narka shi, ita kuwa Sheffield tana can tsakiyar ƙasa, nesa da teku. Igwa guda mai faɗin baki inci 12 nauyinta ya kusa tan 60, mai inci 15 kuwa da aka ƙera daga baya tan 100 ce. Ba keken dokin da zai ɗauki wannan. Tilas aka fasa garun maƙeru aka shigar da dogo, aka shimfiɗa shi har bakin kowane gurbi da kowane sito, aka ƙera taragu na musamman masu ƙafafu da yawa don ɗaukar igwa guda ɗaya tak.

A Devonport har jirgin fasinja aka yi a cikin maƙerar, yana bi ta wani rami a ƙarƙashin ƙasa tsakanin sashen kudu da na arewa, daga 1900 zuwa 1966. Ko da yake tafiyar ba ta da wani nisa, sai da aka kasa wurin zama aji 6 bisa ga muƙami, daga manyan hafsoshi har zuwa leburori. Ashe kiyaye daraja wajen zama ba a fada kaɗai aka san shi ba.

Jirgin da ya tsofar da sauran

Ran 2 ga watan Oktoba, 1905, aka aza ƙarfen farko na wata sabuwar manuwa a kan gangaren Portsmouth. Admiral Fisher, wanda ya zama babban hafsan sojan ruwa a 1904, shi ne ya matsa a yi ta, ya kuma matsa a yi ta da gaggawa. Ran 10 ga Fabrairu, 1906, Sarki Edward na Bakwai ya saka ta ruwa, aka raɗa mata suna Dreadnought, ma'anarsa wadda ba ta tsoron kome. Cikin Oktoba na wannan shekara ta fita gwaji a teku. A da, manuwa irin wannan girma takan ci shekara biyu ko uku kafin a gama ta. Asirin saurin kuwa shi ne an tara farantan ƙarfe a maƙerar tun kafin a fara, an kuma karkato mata da igwogin da ake ƙera wa waɗansu jirage biyu.

Tsawonta ƙafa 527, nauyinta wajen tan 18,000. Manyan igwoginta 10 ne, dukansu masu inci 12, alhali waɗanda suka riga ta 4 suke ɗauka. Kowane harsashi laba 850. Tana da tukwanen tururi 18, tana gudun wajen mil 24 a awa, ba wata babbar manuwa da ta kai ta sauri a lokacin. Ran da ta fito, duk manyan jiragen yaƙi na duniya suka zama tsofaffin yayi, har da na Ingila kanta. Jamus ta shiga ƙera irinta, gasa ta kaure tsakanin ƙasashen biyu.

Abin lura a nan shi ne, in jirgi ya ƙara girma, dole kome na tudu ya bi shi. Gurabun gyara na da suka yi kaɗan. Jamusawa suna da wata hanyar ruwa da suka haƙa a Kiel, wadda aka buɗe a 1895 don jiragensu su riƙa ƙetarawa tsakanin tekunansu biyu. Sabbin jiragen ba su iya wucewa ta ciki, sai da aka yi shekara 7 ana faɗaɗa ta, aka gama a 1914, 'yan makonni kafin yaƙi ya tashi.

Abokin gaba ya sake wuri

Manyan maƙerun Ingila duk a kudu suke, domin shekaru aru-aru Faransa ce abokiyar gaba, ita suke fuskanta. Da Jamus ta zama abin tsoro, sai ya zama fagen fama ya koma Tekun Arewa, wadda ke gabas da Biritaniya. Dabarar da Hukumar Sojan Ruwa ta yanke ita ce a toshe wa Jamus ƙofofin wannan teku guda biyu, kada kayan ciniki su shiga mata, kada jiragenta su fita. Ƙofar kudu ƙunci gare ta, tsaronta da sauƙi. Ƙofar arewa, tsakanin Sikotlan da Norwe, ita ce mai faɗi, can aka kai babbar runduna.

Wurin da aka zaɓa shi ne Scapa Flow, wani makeken ruwa da tsibiran Orkney suka kewaye, gaba da ƙarshen Sikotlan ta arewa. Yana da faɗin da zai ɗauki rundunar duka. Ban da wannan faɗi kuwa ba shi da kome: babu maƙera, babu gurbin gyara, babu kwal, babu dogo. An fara gina sabuwar maƙera a Rosyth, kusa da Edinburgh, tun 1909, amma ba ta iya karɓar babbar manuwa a gurbinta ba sai cikin Maris 1916. Ran 4 ga Agusta, 1914, ran da Ingila ta shiga yaƙi, aka naɗa Admiral Jellicoe shugaban rundunar. A wannan mako kuma Gwamnati ta karɓi ikon dukan kamfanonin jiragen ƙasa, bisa ga wata doka ta 1871, ta sa su ƙarƙashin kwamiti guda na manajojinsu.

Kwal

Rumbunan Dreadnought suna ɗaukar kwal wajen tan 2,900. Rundunar Jellicoe kuwa manyan jirage irinta sun fi 20, ban da matsakaita da ƙanana masu ɗimbin yawa. Ko suna tsaye a Scapa Flow ba a kashe wutar tukwane duka, don ba a san sa'ad da labari zai zo cewa Jamusawa sun fito ba.

Ba kowane kwal sojan ruwa suke karɓa ba. Akwai mahaƙai da yawa a Sikotlan da arewacin Ingila, kusa da runduna, amma kwal ɗinsu hayaƙi gare shi. Hayaƙi kuwa a teku tonon asiri ne, yakan nuna wa abokin gaba inda jirgi yake tun daga nesa, ya kuma rufe wa masu saita igwa ido. Wanda ake so shi ne na kwaruruwan kudancin Wales, irin su Rhondda da Aberdare, mai zafin wuta, mai ƙarancin hayaƙi da toka. Wales kuwa tana kudu maso yamma, watau can nesa ƙwarai da Scapa Flow.

Kafin yaƙi, jiragen ruwa na dako ne suke ɗaukar wannan kwal daga Cardiff su kai duk inda runduna take. Da yaƙi ya zo sai hanyar ta zama mai haɗari saboda nakiyoyi da jiragen ƙarƙashin teku na Jamus, jiragen dakon kansu kuma aka shiga bukatarsu a wurare da yawa. Sai aka juya ga dogo. Tun ƙarshen Agusta 1914 aka fara haɗa taragun kwal a tashar Pontypool Road, ana tura su arewa ta Hereford, da Shrewsbury, da Warrington, da Carlisle, har Grangemouth a bakin kogin Forth, tafiyar wajen mil 375. Daga can a juye kwal cikin jiragen ruwa, su ƙarasa da shi Scapa Flow ta gajeriyar hanya. Ma'aikatan dogo suka riƙa kiran waɗannan jiragen kwal da sunan Jellicoe.

Kowane jirgi yana jan tarago wajen 40, kowane tarago tan 10, watau tan 400 ke nan. In mai karatu ya yi lissafi zai ga sai an yi jirgin ƙasa fiye da 7 kafin a cika cikin manuwa guda. Kafin yaƙi ya ƙare an tura irin waɗannan jirage fiye da 13,000, sun kai kwal fiye da tan miliyan 5, dare da rana, har ran Lahadi. Kowane tarago da ya tafi cike kuma dole ya komo fanko a kan hanyar nan, don a sake cika shi.

Isowar kwal bakin manuwa ba shi ne ƙarshen wahala ba. Ranar lodi ba babba ba yaro, kusan duk wanda ke cikin jirgi sai ya sa hannu. Waɗansu su sauka cikin jirgin dako su cika buhuna masu laba 224 da shebur, inji ya ɗaga su, waɗansu su tura a baro su zazzage cikin rumbu, masu badujala suna busa don ƙarfafa zuciya. In an gama, a wanke jirgi tun daga sama har ƙasa. Ƙa'ida ce, ko daga ina runduna ta komo, ko da wace irin gajiya, lodin kwal ake fara yi kafin a huta.

Abin da ya faru a Quintinshill

Hanyar da ke tsakanin Carlisle da Sikotlan ta cika maƙil da jiragen soja da na kaya da na kwal. Wajen mil 10 arewa da Carlisle akwai wani ɗakin sigina a daji, ana kiran wurin Quintinshill. Layi biyu ne manya, ɗaya na masu zuwa arewa, ɗaya na masu zuwa kudu, kowanne da ɗan layin ratse a gefensa inda jirgi maras sauri zai kauce wa mai sauri.

Da safiyar 22 ga Mayu, 1915, wani ƙaramin jirgin fasinja mai zuwa arewa ya iso, ana so ya kauce wa manyan jiragen Landan da suka makara. Layin ratse na wajensa akwai jirgin kaya a ciki. Ɗaya layin ratsen kuma shi aka ba jirgin taragun kwal fanko da ke komawa Wales daga Grangemouth. Sai malamin sigina ya ƙetarar da ƙaramin jirgin ya tsayar da shi a kan babban layin masu zuwa kudu. Yin haka bai saɓa doka ba, muddin an kiyaye sharuɗɗansa.

Ba a kiyaye su ba. Ƙa'ida ita ce malamin dare ya miƙa aiki ga na safe da ƙarfe 6. Amma su biyun sun shirya a tsakaninsu na safe ya riƙa zuwa wajen 6 da rabi. Don kada manya su gane, in 6 ta wuce sai na dare ya daina rubutu cikin littafin rajistar jirage, ya riƙa rubutawa a 'yar takarda, in na safe ya zo ya kwafe da hannunsa kamar yana nan tun farko. Ran nan na safe a cikin ƙaramin jirgin nan ma ya iso. Ya shiga ɗaki ya duƙufa kan kwafe takarda. Akwai wani zoben ƙarfe da doka ta ce a rataya a kan hannun sigina in an tsayar da jirgi a kan layi, don ya hana a ja shi da mantuwa. Ba wanda ya rataya. Da aka buga masa ƙararrawa cewa ga jirgin soja tafe daga arewa, sai ya ba shi hanya, ya manta da jirgin da shi kansa ya sauka daga ciki, yana tsaye a gaban tagarsa.

Jirgin sojan yana ɗauke da mutum wajen 500 na rundunar Royal Scots, mutanen Leith, za su Liverpool su shiga jirgin ruwa zuwa fagen Gallipoli. Gab da ƙarfe 7 ya yi karo da jirgin da ke tsaye. Bayan minti guda jirgin Landan ya faɗa cikin tarkacen. Taragun sojan tsofaffi ne na katako, ana haskaka su da iskar gas, nan da nan wuta ta kama. Mutum wajen 226 suka halaka, mafi yawansu soja. Ba a taɓa tabbatar da adadin daidai ba, domin littafin sunayen rundunar ya ƙone tare da su. Har yau ba a yi haɗarin jirgin ƙasa a Biritaniya da ya kai wannan muni ba. An gurfanar da malaman sigina biyun gaban shari'a, aka ɗaure su. Duk mai riƙe da littafin ofis ya san amfanin rubuta abu a sa'ad da ya faru, da hannun wanda ya gani. A Quintinshill kuwa ido yana kan littafi lokacin da ya kamata yana kan layi.

Hanyar duwatsu

Mai karatu zai iya tambaya, don me aka tsaya da kwal a Grangemouth, ba a wuce da shi ta dogo har ƙarshen ƙasa ba? Dalili shi ne hanyar da ta wuce Perth zuwa arewa ba za ta iya ba. Kamfanin Highland ke da ita, an kuwa gina ta ne don ɗaukar tumaki da kifi da masu zuwa shan iska da farauta. Daga Perth zuwa Inverness mil 118 ne, tana hawa duwatsu har ƙafa 1,484 a Drumochter. Daga Inverness zuwa Thurso, tasha ta ƙarshe, ya fi mil 150. Mafi yawanta layi guda ne. Wanda ya taɓa shiga jirgi tsakanin Zariya da Kano ya san hali: jirgi biyu ba su haɗuwa sai a tasha, ɗaya ya tsaya ya jira, direba kuwa ba ya tashi sai an damƙa masa alamar izinin wannan yanki a hannu. In ɗaya ya makara, duk na bayansa da na gabansa sun makara. Ko an isa Thurso ma, dogo bai kai bakin ruwa ba, sai an yi wajen mil 2 a hanya zuwa 'yar kwatar Scrabster.

Duk da haka a kan wannan siririyar hanya aka ɗora sauran bukatun runduna. Inverness ta zama wurin rarraba harsasai da wasiƙu. Invergordon, da ke kan hanyar, ta zama wurin gyaran jirage, aka jawo mata gurbin gyara na ƙarfe mai yawo a kan ruwa tun daga Portsmouth cikin watannin farko na yaƙi, aka kawo dubban ma'aikata da kayan gina musu masauki. Katakon da ake sara a dazuzzukan arewa don tokare ramukan kwal shi kuma yana gangarowa kudu. Ma'aikatan kamfanin da yawa sun tafi soja, har da masu gyaran inji. Kafin Agusta 1915 wajen sulusin kawunan jiragen kamfanin sun kwanta, wani sulusin kuma yana aiki ne da ƙyar, sai da waɗansu kamfanoni suka ba shi aron guda 20. Daga tsakiyar 1916 aka mai da arewacin Sikotlan yankin soja, ba mai wuce Inverness sai da takardar izini.

Ranar gwaji

Ran 31 ga Mayu, 1916, rundunonin biyu suka gamu a Tekun Arewa, daura da Jutland ta ƙasar Denmark. Ingila ta fito da jirage 151, Jamus 99. Aka gwabza daga la'asar har cikin dare. Ingila ta yi hasarar jirage 14 da mutum fiye da 6,000, Jamus kuwa jirage 11 da mutum wajen 2,500. Jamusawa suka koma gida suka yi shelar nasara, in kuwa ƙidayar gawa ce kaɗai abin dubawa, suna da hujja.

Amma ga abin da ya biyo baya. Rundunar Jellicoe ta shiga Scapa Flow ran 2 ga Yuni, ta tarar da jiragen kwal suna jira, ta yi lodi, a daren nan ya aika wa Hukuma cewa a shirye yake ya sake fita in an ba shi awa 4. Jiragen da suka ji rauni aka rarraba su ga maƙeru. Warspite, wadda ta sha harsasai da yawa, Rosyth ta nufa, maƙerar da ba ta fi wata uku da fara karɓar manyan jirage ba. Rundunar Jamus kuwa ba ta iya sake fitowa ba sai tsakiyar Agusta, ba ta kuma ƙara yarda ta yi gaba da gaba da babbar rundunar Ingila ba har yaƙi ya ƙare. Ƙofar arewa ta ci gaba da zama a toshe, yunwa da rashin kayan aiki suka yi ta cin Jamus a hankali.

Dreadnought kanta ba ta halarci wannan yaƙi ba. Shekara 10 kacal da ƙera ta, sababbi sun riga sun fi ta. Abin da ta yi na faɗa shi ne ta taka wani jirgin ƙarƙashin teku na Jamus da ƙirjinta ta nutsar da shi cikin Maris 1915, ba da igwa ba.

Mutane, da nakiya, da mai

Dubban sojan ruwa suna zuwa hutu gida suna komowa, gidajen yawancinsu kuwa a kudu suke, kusa da tsofaffin maƙeru. Ran 15 ga Fabrairu, 1917, aka fara jirgi na musamman dominsu, daga tashar Euston ta Landan zuwa Thurso. Tafiyar mil 717 ce, watau ta ɗan ɗara nisan Ikko zuwa Kano a kan dogo, ana yin ta cikin wajen awa 22, ana tsayawa kusa da Rosyth da kuma Invergordon don masu sauka. Hafsoshi suna da wurin kwanciya, sauran kuwa a zaune suke kwana, in wuri ya ƙare a kwanta a ƙasa. Cikin Janairu 1918 ƙanƙara mai saukowa kamar auduga ta binne hanya kusa da Thurso, jirgin ya maƙale, mutane suka ƙarasa da ƙafa. Kafin a tsai da shi a ƙarshen Afrilu 1919 ya ɗauki mutum kusan rabin miliyan.

A 1918, bayan Amurka ta shiga yaƙi, aka ƙara wa hanyar Highland wani kaya. An yanke shawarar a shinge teku da nakiyoyi daga Orkney har gaɓar Norwe, don a tare jiragen ƙarƙashin teku. Aka riƙa kawo sassan nakiyoyin daga Amurka ana sauke su a yammacin Sikotlan. Waɗanda aka sauke a Kyle of Lochalsh jirgin ƙasa ne ya ƙetara da su zuwa Dalmore, kusa da Invergordon, inda aka karɓe wata masana'antar barasa aka mai da ita wurin haɗa nakiya. Hukumar Sojan Ruwa ta karɓe wannan reshe na dogo, aka bar wa mutanen ƙasa jirgin fasinja guda a yini. An dasa nakiyoyi wajen 70,000, Amurkawa suka dasa fiye da 56,000 daga ciki.

Tun kafin yaƙi an fara barin kwal ana komawa ga mai. Winston Churchill, wanda ya zama ministan sojan ruwa a 1911, shi ya yarda a ƙera manyan jirage irin su Warspite masu ƙona mai zalla, a 1914 kuma Gwamnati ta sayi fiye da rabin hannun jarin kamfanin da ke haƙar mai a Farisa. Mai ya fi kwal ƙarfi, da bututu ake ɗura shi, ba buhu ba shebur. Sai dai kwal a gida yake, mai kuwa sai an ƙetaro teku da shi. A 1917 jiragen ƙarƙashin teku suka nutsar da tankokin mai da yawa, har aka umarci runduna ta rage gudu don tattali. A 1918 aka shimfiɗa bututu daga kogin Clyde a yamma zuwa Grangemouth a gabas, don tankoki su daina kewaya arewacin Sikotlan.

Bayan yaƙi

Ran 21 ga Nuwamba, 1918, rundunar Jamus ta miƙa wuya, aka tsare jiragenta 74 a Scapa Flow. Ran 21 ga Yuni, 1919, shugabansu Admiral von Reuter ya ba da umarni aka buɗe musu ruwa, 52 suka nutse. An sayar da Dreadnought a 1921, aka farfasa ta a Inverkeithing, kusa da Rosyth. Jirgin Euston zuwa Thurso ya sake aiki cikin Yaƙin Duniya na Biyu, daga baya aka rufe sansanin Scapa Flow a 1957. Maƙerar Chatham ta rufe a 1984, ta zama gidan tarihi, ana kuma iya ganin Victory a gurbinta a Portsmouth, inda aka ajiye ta tun 1922. A Rosyth aka haɗa babban jirgin nan mai ɗaukar jiragen sama, Queen Elizabeth, wanda ya shiga aiki a 2017, amma manyan sassansa ta ruwa aka kawo su daga waɗansu maƙeru, domin sun fi ƙarfin kowane tarago.

Hanyar Thurso tana nan, mafi yawanta layi guda kamar da. A tashar Dingwall, arewa da Inverness kaɗan, akwai wani allo a jikin bango don tunawa da 'yan ƙungiyar agaji ta Red Cross na wannan yanki, waɗanda suka riƙa tsayawa a bakin dogo da butocin shayi suna jiran jiragen soja, daga Satumba 1915 zuwa Afrilu 1919. Sun riƙe lissafi, an kuwa rubuta shi a jikin allon: mutum 134,864.